Ajin Murmurewa: Inda Likita da Wanda Ya Sha Jinya Suke Koyarwa Tare

Gabatarwa

Dattawan ƙasar nan ba su manta da ajin Yaƙi da Jahilci ba. A shekarun 1950, sa'ad da Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura ɗamarar koya wa manya karatu da rubutu, ba ta tsaya jiran a gina makarantu ba. An yi aji a zauren mai unguwa, an yi a gindin bishiya, kuma sau da yawa malamin ajin mutumin garin ne wanda ya ɗan riga sauran iya karatu. Magidanci ya zauna kusa da maƙwabcinsa, kowa da allonsa, ba wanda ya ji kunyar a ce bai sani ba, domin neman sani ne ya tara su.

Wannan ɗan littafi yana bayani ne a kan wani ajin manya mai kama da wancan, sai dai abin da ake koyo a cikinsa shi ne yadda ake zama da ciwon taɓin hankali, da yadda ake murmurewa daga gare shi. Abin da ya bambanta shi da sauran azuzuwa shi ne malamansa biyu ne: ɗaya ma'aikacin lafiya ne wanda ya karanta ciwon, ɗaya kuwa mutum ne wanda ciwon ya taɓa kamawa, ko ya daɗe yana jinyar wani nasa. Za a nuna wuraren da aka riga aka gwada wannan hanya, sa'an nan a duba abubuwan da birnin Gombe yake da su waɗanda za a iya ɗora irin wannan aji a kansu. An ɗauki Gombe ne don misali; abin da aka faɗa game da ita ya shafi Katsina da Sakkwato da Zariya, da duk inda jama'a suke zaune.

Girman al'amarin

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya, watau kimanin mutum miliyan 970, yana ɗauke da wani nau'i na rashin lafiyar hankali. Kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu suke kama da wanda ake gani yana yawo a bakin kasuwa cikin tsumma. Akwai wanda baƙin ciki ya danne shi wata da watanni har ya kasa fita sana'a. Akwai mai fargabar da ke hana barci. Akwai mai jego wadda hankalinta ya rikice bayan haihuwa, da wanda yake jin muryoyin da babu mai jin su sai shi, da kuma wanda shaye-shaye ya ci ƙarfinsa. Mafi yawan waɗannan suna cikin gidaje, ana ɓoye su, ko kuwa su da kansu suna ɓoye abin da ke damunsu.

A Nijeriya, ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, ƙididdigar da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta sha bayarwa a 'yan shekarun nan ta nuna yawan ƙwararrun likitocin wannan fanni bai kai 300 ba, kuma galibinsu suna manyan birane.

Jihar Gombe, wadda aka ƙirƙira daga Jihar Bauchi ranar 1 ga Oktoba 1996, tana da nata kason na wannan nauyi. Sa'ad da rikicin Boko Haram ya tsananta, dubban mutane daga Borno da Yobe sun yi hijira zuwa Gombe, da yawansu bayan sun ga abin da ido ba ya son gani. Birnin kansa ya sha fashewar bama-bamai a tashoshin mota da kasuwa a 2014 da 2015. Har wa yau, binciken shan miyagun ƙwayoyi na ƙasa na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya gano cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a cikin shekara guda, kuma a Arewa maso Gabas Jihar Gombe ce a kan gaba, da kimanin mutum ɗaya cikin biyar.

Giɓin da ke tsakanin asibiti da gida

A ɗauki misalin wani tela a unguwar Jekadafari, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Barci ya ƙaurace masa, ya shiga surutai, ya fara zargin maƙwabta da yi masa sammu. Bayan an sha yawon neman magani, 'yan'uwa suka kai shi asibiti, aka ba shi gado, hankalinsa ya dawo, aka sallame shi da ƙwayoyi da ranar komawa.

A nan ne aikin asibiti ya tsaya, a nan ne kuma wahalar gida ta fara. Maganin yana sa shi nauyin jiki da rawar hannu, ga shi kuwa da hannu yake cin abinci. Masu kawo ɗinki sun janye. Surukai sun fara maganar a raba auren. Matarsa ba ta san ko ta riƙa tuna masa da magani ba, ko kuwa yin haka zai zama gori. Shi kuma da ya ji sauƙi sai ya ga ai ya warke, ya ajiye ƙwayoyin. Bayan 'yan watanni ciwon ya dawo, aka sake sayar da abin da aka sayar don kai shi asibiti.

Likita yana ganin irin wannan mutum na 'yan mintoci a wata. Sauran kwanakin watan duka a gida yake yin su, tsakanin iyali da maƙwabta waɗanda ba wanda ya taɓa koya musu kome game da ciwon. Wannan giɓi ne ajin murmurewa yake neman cikewa.

Ma'anar murmurewa

Lalle ne a fahimci abin da ake nufi da murmurewa a nan. Wasu masu taɓin hankali suna warkewa sarai, ciwon bai ƙara dawowa. Wasu kuwa nasu kamar ciwon suga ne ko hawan jini, watau ana lallaɓa shi tsawon rai. Mai ciwon suga yana aure, yana kasuwanci, yana zuwa Hajji, muddin ya san abincin da zai guje wa, ya kuma riƙe maganinsa. Haka shi ma mai taɓin hankali. Murmurewa ita ce mutum ya koma riƙe ragamar rayuwarsa: ya yi sana'a, ya zauna da iyali, a riƙa shawara da shi a cikin dangi, ko da akwai sauran magani da yake sha. Wannan kuwa abu ne da ake koyo, kamar yadda ake koyon kowace sana'a.

Ilimi iri biyu

Hausawa suna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne, amma sanin wurin yoyon bai gyara rufi, sai an kira magini. Shi ma maginin, in bai tambayi mai ɗaki ba, yana iya yin yaɓe inda ba nan ruwa ke shiga ba.

Ma'aikacin lafiya ya san sunan ciwo, da alamunsa, da maganin da ya dace, da yawan da za a sha, da haɗarin da ke cikin daina shi farat ɗaya. Ya ga ɗaruruwan marasa lafiya, saboda haka ya san abin da ya saba faruwa. Wanda ya sha jinya kuwa ya san abin da ba a rubuta a littafin likita ba. Ya san yadda ake ji ran da mutum ya fara komawa masallaci ko coci idanu suna kansa. Ya san dabarar da ya yi ya riƙa tuna lokacin magani, da amsar da ya ba wanda ya kira shi da mummunan suna, da yadda ya shaida wa wadda zai aura gaskiyar lamarinsa. Uwar da ta yi shekara goma tana jinyar ɗanta ta san muryar da ke kwantar masa da hankali da wadda ke tunzura shi.

Akwai kuma wani abu da likita ba zai iya bayarwa ba kome ƙwarewarsa. In ya ce wa maras lafiya ana murmurewa, maganar ta tsaya a kunne. Amma in maras lafiyan ya ga wani wanda aka taɓa ɗaurewa kamarsa, yau ga shi tsaye gaban allo cikin shiga ta kamala yana koyarwa, to, gani ya kori ji.

Inda aka riga aka gwada

Shigar da jama'ar gari cikin jinyar masu taɓin hankali ba baƙon abu ba ne a Nijeriya. A shekarar 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya suke sauka a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa tare da wani ɗan'uwansa, su je asibiti da rana, su koma cikin jama'a da yamma. Ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma daga baya ya zama Mataimakin Babban Darektan Hukumar Lafiya ta Duniya.

Shi ajin murmurewa a siffarsa ta yanzu ya samo tushe ne daga Amurka, inda wasu cibiyoyi a Boston da Jihar Arizona suka fara mai da ɗakunan jinya ɗakunan karatu. Daga nan ya shiga Ingila: an buɗe makarantar murmurewa ta farko a kudu maso yammacin Landan a 2009, ta biyu a Nottingham a 2011. Wani bincike da aka yi a 2022 ya ƙirga irin waɗannan makarantu 221 a ƙasashe 28.

A Afirka, babban asibitin masu taɓin hankali na Butabika da ke Kampala, ƙasar Yuganda, ya buɗe tasa makarantar a 2015, da haɗin gwiwar wata hukumar asibitoci ta gabashin Landan. Kafin nan an riga an horar da waɗanda suka murmure su riƙa ziyartar waɗanda aka sallama a gidajensu. Su ne kuma suka zama malaman makarantar tare da ma'aikatan asibitin.

A gida Nijeriya, misalin da ya fi kusa shi ne na Jihar Binuwai. A 2011 gwamnatin jihar da Cocin Methodist na Otukpo da ƙungiyar agaji ta CBM suka fara wani shiri na kai kula da lafiyar hankali ƙananan asibitoci. An horar da nas-nas da ma'aikatan lafiya na karkara, an kuma kafa ƙungiyoyin taimakon kai da kai na marasa lafiya da iyalansu, inda suke haɗuwa su koya wa juna, su tallafa wa juna da jari. Tsakanin 2011 da 2016 fiye da mutum 13,000 sun yi rajista a shirin.

Yadda ake tafiyar da ajin

Ƙa'ida ta farko ita ce tun daga tsara darasi ake haɗa malaman biyu. Ba a yarda ma'aikacin lafiya ya rubuta darasinsa shi kaɗai, sa'an nan a kira wanda ya murmure ya ba da labarinsa na minti biyar a ƙarshe don a tausaya masa ba. Tare suke zama su yanke abin da za a koyar, da misalan da za a kawo, da wanda zai ɗauki kowane sashe.

Ta biyu, duk wanda ya shigo ɗalibi ne. Ba a tambayarsa takardar asibiti, ba a kuma tilasta masa faɗin abin da ke damunsa. Shi ne yake duba jerin darussa ya zaɓi wanda yake so, ya rubuta sunansa da kansa.

Ta uku, ƙofa a buɗe take ga kowa: mai ciwo, da matarsa ko mijinta, da iyaye, da maƙwabci, da malamin makaranta, da ɗan sanda, har da ma'aikatan asibiti, waɗanda su ma suke zama a benci ɗaya da sauran ɗalibai. Wannan cakuɗuwa tana da amfani biyu. Tana rufa wa mai ciwo asiri, tun da ba wanda zai ce duk mai shiga ajin maras lafiya ne. Tana kuma rage ƙyama, domin da wuya mutum ya ci gaba da tsoron wanda suka yi makonni suna karatu tare.

Ta huɗu, ajin ba ɗakin shan magani ba ne. Ba a duba maras lafiya a ciki, ba a rubuta magani, ba a allura. Akan yi darasi ɗaya na yini guda, ko a jera shi mako-mako har wata ɗaya ko biyu, kuma ƙaramin aji ya fi, yadda kowa zai sami bakin magana. A ƙarshe akan ba da takardar shaida. Ga mutumin da ciwo ya raba shi da makaranta ko aiki, wannan 'yar takarda ba ƙaramin abu ba ce.

Irin darussan da ake koyarwa

Sanin ciwo da magani. Ma'aikacin lafiya zai bayyana cewa maganin ciwon baƙin ciki yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye, kafin a ga amfaninsa, saboda haka kada a yanke ƙauna a kwana uku. Zai bayyana cewa wasu magungunan taɓin hankali suna kawo sanƙarewar jiki, da rawar hannu, da dalalar miyau, da yawan barci, wasu kuma ƙiba. Cewa ana iya rage yawansu ko a sauya su in an gaya wa likita. Kuma akwai allurar da ake yi bayan 'yan makonni ga wanda haɗiyar ƙwaya kullum ta yi wa wuya. Abokin koyarwarsa kuwa zai faɗi yadda ya yi da waɗannan matsaloli a wurin sana'arsa, da abin da ya same shi lokacin da ya daina magani ba da shawara ba. A nan ne kuma ake tattauna yadda za a nemi likita ya daidaita lokacin shan magani kafin azumi ya kama.

Gane alamun dawowar ciwo. Ciwon bai cika faɗowa kwatsam ba. Ga mutane da yawa rashin barci ne ke fara zuwa, ko saurin fushi, ko ƙauracewa mutane, ko kashe kuɗi barkatai. Kowane ɗalibi yakan rubuta nasa alamun tun yana cikin natsuwa, da sunan wanda ya amince a kira, da asibitin da yake so a kai shi.

Darasin masu jinya. Yadda ake magana da wanda yake jin muryoyi ba tare da gardama ko izgili ba. Yadda za a raba nauyin jinya tsakanin dangi don kada ya faɗa kan mace ɗaya. Da alamun da ke nuna lalle a garzaya asibiti, musamman in mutum ya fara maganar kashe kansa. Irin wannan magana ba a ɗaukarta da wasa, kuma tambayar mutum a kanta cikin natsuwa ba ta cusa masa ra'ayin.

Lafiyar hankalin mai jego. Fiye da mace ɗaya cikin goma takan shiga baƙin ciki mai tsanani bayan haihuwa. Rikicewar hankali gaba ɗaya kuwa takan sami mace ɗaya ko biyu cikin dubu, yawanci a makonni biyun farko, kuma tana bukatar asibiti ba tare da jinkiri ba. Wannan darasi ungozoma ce ta dace da shi, tare da macen da ta taɓa shiga halin ta fita.

Farfaɗiya. Ko da yake ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa ce, ba taɓin hankali ba, ƙyamar da ake nuna wa masu ita iri ɗaya ce. Ana koyar da cewa ba a ɗaukarta ta miyau ko taɓawa, ba a cusa wa wanda ya faɗi cokali a baki, ba a ɗura masa kome. A kawar da wuta da abin da zai ji masa rauni, in jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe.

Komawa sana'a, da rabuwa da shaye-shaye. A waɗannan biyu muryar wanda ya bi hanyar ita ce matasa suka fi saurara.

Abin da Gombe take da shi

Irin wannan aji bai bukatar sabon gini. Abin da yake bukata shi ne masu ilimin nan iri biyu, da wurin zama, da amincewar shugabanni, kuma duka akwai su a Gombe.

Ta fuskar ma'aikata, akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda ya fara a matsayin Cibiyar Lafiya ta Tarayya a 1996, kuma yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai Asibitin Ƙwararru na Jiha, da Jami'ar Jihar Gombe wadda aka kafa a 2004 take kuma horar da likitoci, da kwalejin horar da nas-nas da ungozomomi, da kwalejin kimiyyar lafiya ta Kaltungo. Babban asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Maiduguri shi ma yana da ƙwararrun da za a iya neman shawararsu.

Ta fuskar wuri, jihar tana da ƙananan hukumomi 11 da mazaɓu 114, kuma ƙaramar hukumar Gombe kaɗai tana da mazaɓu 11, cikinsu har da Jekadafari, da Pantami, da Herwagana, da Kumbiya-Kumbiya, da Shamaki, da Bolari ta Gabas da ta Yamma. Tsarin lafiya matakin farko ya tanadi kwamitin raya mazaɓa, wanda ya ƙunshi mutanen unguwa. Ajin firamare bayan an tashi, ko makarantar Islamiyya, ko ɗakin taron coci, ko zauren mai unguwa, kowanne ya isa. Ya fi kyau a yi ajin a wajen harabar asibiti, domin mutane su shigo da tunanin karatu. Inda al'ada ta bukaci haka, a ware ajin mata da malamai mata. Gombe kuma gari ne na harsuna da yawa. Hausa za ta haɗa kowa, amma samun mai fassara da Fulatanci, ko Tangale, ko Tera, ko Kanuri saboda waɗanda suka yi hijira, zai ƙara jawo mutane.

Ta fuskar masu ilimin jinya kuwa, ba unguwar da ba su. Suna nan cikin malaman makaranta, da 'yan kasuwa, da ma'aikatan gwamnati, da matan aure, sun yi shiru ne kawai don ba a taɓa nuna musu cewa abin da suka sani yana da daraja ba.

Matsayin malamai da sarakuna

Sanannen abu ne cewa mafi yawan iyalai wurin malami ko fasto ko mai maganin gargajiya suke fara zuwa. Ajin murmurewa bai zo don ya raba mutum da addu'arsa ba. Wani bincike da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Badun da Kumasi, wanda aka buga a 2020, ya nuna cewa masu taɓin hankali da suke hannun masu maganin gargajiya da na addini sun fi samun sauƙi a inda waɗannan suka yi aiki tare da ma'aikatan lafiya, a kan inda ba a yi haɗin gwiwar ba. Saboda haka a gayyaci limamai da fastoci da masu ruƙiyya su shigo ajin, su ji, a kuma ji daga gare su.

Abin da ba za a lamunta ba shi ne mari da turu da duka da horon yunwa. Jama'a ba su manta da 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari a Rigasa ta Kaduna, da Jihar Katsina, da wasu wurare, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can, galibinsu rashin sanin wata hanya ne ya kai su. Hakimai da dagatai da masu unguwanni, waɗanda su ne ake fara kai wa ƙarar irin waɗannan al'amura, in suka halarci buɗe aji da kansu, sun cire wa talakawansu rabin kunyar zuwa.

Abin da doka ta tanada

Tun 1991 Gwamnatin Tarayya ta sanya lafiyar hankali cikin ayyukan lafiya matakin farko. Amma dokar da ake aiki da ita ta ci gaba da zama tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, wadda asalinta na zamanin Turawa ne, kuma hankalinta ya fi karkata ga tsare mutum. A watan Janairu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Hankali ta Ƙasa ta 2021, wadda ta maye gurbinta. Sabuwar dokar ta hana nuna bambanci ga mai taɓin hankali a wurin aiki da gidan haya da neman magani, ta hana ɗaure shi da sarƙa, ta ba shi haƙƙin a yi shawara da shi wajen tsara jinyarsa, ta kuma tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da asusun kula da lafiyar hankali.

Yana da kyau a san cewa masu ciwon da kansu sun sa baki wajen samar da dokar. A 2020 Hauwa Ojeifo, wadda ta kafa ƙungiyar She Writes Woman a 2016, ta kuma bayyana wa duniya cewa ita kanta tana zaune da ciwon, ta tsaya gaban Majalisar Tarayya ta yi jawabi a kan ƙudurin. Haƙƙin da mutum bai san yana da shi ba kuwa, da wuya ya neme shi. Don haka bayanin wannan doka darasi ne da ya kamata kowane aji ya ƙunsa.

Abubuwan kiyayewa

Na ɗaya, ajin ƙari ne a kan magani, bai maye gurbinsa. Wanda ciwo ya tasar wa asibiti za a kai shi.

Na biyu, abin da aka faɗa a aji amana ne. A garin da kowa ya san kowa, magana ɗaya in ta fita tana iya kashe aure ko ta kore masu ciniki. Tilas a yi wannan alkawari tun ranar farko, a kuma riƙa maimaita shi.

Na uku, ba duk wanda ya murmure ne zai iya koyarwa nan take ba. Sai an horar da shi, ya san abin da zai faɗa daga labarinsa da abin da zai bar wa kansa, ya kuma san iyakarsa: ba zai ce wa kowa ya sha irin maganinsa ko ya daina nasa ba. In jikinsa ya motsa, a ba shi hutu, a ajiye masa gurbinsa.

Na huɗu, a biya shi. In ma'aikacin lafiya yana karɓar alawus, abokin koyarwarsa kuma ana sallamarsa da godiya, to, an rushe daidaiton da aka gina ajin a kansa.

Na biyar, a riƙa rubuta sakamako. Binciken da aka yi a Ingila ya nuna ɗalibai suna ƙara samun ƙwarin gwiwa, wasu kuma kwanciyarsu a asibiti ta ragu, amma masana suna ci gaba da auna gwargwadon amfanin, kuma abin da ya yi aiki a Landan sai an gyara shi kafin ya dace da Pantami. Duk ajin da aka buɗe ya ajiye lissafin waɗanda suka zo, da waɗanda suka kammala, da abin da suka ce ya amfane su.

Kammalawa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙwararrun likitoci kaɗan ne, kuma za a daɗe kafin su wadata. Amma ilimin da ake bukata don mai taɓin hankali ya zauna lafiya a gidansa ba a hannun likita kaɗai yake ba. Rabinsa yana wurin waɗanda suka sha jinya da waɗanda suka yi jinyarsu.

Saboda haka ana kira ga shugabannin asibitoci da hukumomin lafiya matakin farko su nemi irin waɗannan mutane cikin waɗanda suke zuwa karɓar magani, su zauna da su a tsara darasi ko da guda ɗaya ne. Ana kira ga kwamitocin mazaɓu da masu unguwanni su ba da wuri. Ana kira ga iyalai su daina kulle nasu a ƙuryar ɗaki, su kai su asibiti mafi kusa, su kuma riƙa tambayar ma'aikata duk abin da ba su gane ba, domin matambayi ba ya ɓata. Wanda kuma Allah ya ba sauƙi bayan jinya, ya sani cewa abin da ya koya cikin wahala yana iya zama sanadin da wani magidanci zai riƙe maganinsa, ya riƙe iyalinsa, ya koma kan kekensa na ɗinki.